Yadda A Ke Renon Itatuwa Masu 'Ya'ya Su Ƙetare Hunturu

An rubuta takardan nan domin manoman Romi da na sauran unguwanni da ƙauyukan da ke kudu da Kogin Kaduna, da kuma dagatai da masu unguwanni waɗanda za su karanta wa jama'arsu.

Ya kai manomi, ka lura da abin da kan faru kowace shekara. Da damina ta kankama, mutane su kan sayi dashen mangwaro da lemu da gwaba a bakin hanya, su kai gida su dasa. Cikin Satumba ganye ya yi kore shar, maigida yana murna. Kafin Maris ya ƙare, da yawa daga cikin dashen nan sun zama busassun sanduna. In ka tambayi dalili, sai a ce sanyi ne ya kashe su, ko kuwa a ce ƙasar ce ba ta karɓe su ba. Daga nan mutum ya yi zuciya, ya ce ba ya ƙara ɓarnar kuɗinsa. Ta haka gida kan rasa inuwa, yara su rasa abin marmari wanda ke ƙara musu lafiya, maigida kuma ya rasa ɗan kuɗin da zai riƙa samu cikin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa.

Abin da takardan nan za ta koya maka shi ne, ƙishirwa ce ke kashe yawancin dashe a ƙasarmu, iskar hunturu kuwa ita ke kawo ta. In ka tsare ɗan itace har ya ƙetare hunturu uku, to, ka gama babban aikin, gama daga nan shi zai riƙa tsare kansa.

1. Baƙi ne a ƙasarmu

Itatuwan da mu ke so mu dasa a gida ba 'yan asalin ƙasan nan ba ne. Mangwaro daga Indiya da maƙwabtanta ya fito. Lemu da ayaba daga gabashin Asiya da kudancinta. Gwanda da gwaba da kashu kuwa daga ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka aka kawo su. Yawancinsu sun saba da iska mai laima, ba su kuma zubar da ganye da rani.

Dubi bambancinsu da itatuwan dajinmu. Kuka ta kan kakkaɓe ganyenta duka da rani, ta ajiye ruwa cikin kututturenta. Kaɗanya tana da ɓawo mai kauri wanda ko gobarar daji ba ta cika ratsa shi ba. Waɗannan sun san ƙasar tun kaka da kakanni. Ɗan lemu kuwa yana tsaye da ganyensa kore cikin Janairu, kowane ganye yana fitar da ruwa dukan yini, saiwarsa ko ƙafa biyu ba ta kai ba. Baƙo ne, sai an yi masa hidimar baƙo.

Ga halin ƙasar da aka kawo shi. Kaduna tana bisa tudu mai tsawon kamar ƙafa 2,000 daga bakin teku. Ruwan da a ke samu a shekara kamar milimita 1,200 ne, watau kusan inci 48, amma kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba ya ke zuba. Daga Nuwamba har ƙarshen Maris da wuya a ga ɗigo. Cikin watannin nan iska ta kan taso daga arewa maso gabas, ta ratso hamada, ta kwaso ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Da dare ma'aunin zafi ya kan sauka zuwa digiri 15, wani dare har ƙasa da haka, da rana kuwa ya haura 30. Iskar da ke tsattsage maka leɓe da diddige, ita ce ke tsotse ganyen dashenka.

2. Darasi daga ƙasashen sanyi

Ruwa ya kan daskare in ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri. A Romi sanyi ba ya kai wa nan. Ko a Jos, inda tudun ya kai kamar ƙafa 4,000 kuma ɗari ya fi namu tsanani ƙwarai, da wuya ya kai. Amma akwai ƙasashen da raɓa kan daskare bisa ganye da asuba, ta yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Mutanen can ma suna son lemu da mangwaro, sun kuma sha wahalar renonsu shekaru aru aru. Ya kamata mu ji abin da suka koya, gama ciwonsu da namu dangi ne. Sa'ad da ruwan cikin ganye ya soma daskarewa, ƙanƙarar ta kan janye ruwa daga naman ganyen, ya bushe ya yi baƙi kamar an babbake shi. Ka ga ashe can ma ƙishirwa ce, sai dai hanyar da ta biyo ta bambanta.

A Faransa, tsakanin 1684 da 1686, an gina wa Sarki Luwi na 14 wani babban ɗakin lemu a fadarsa ta Barsai, kusa da birnin Paris. Bangon ɗakin yana da kauri ƙwarai, tagoginsa suna fuskantar kudu inda rana ta ke. Itatuwan suna cikin manyan akwatunan katako. In sanyi ya gabato a shigar da su ciki, in ya wuce cikin Mayu a fito da su. Har yanzu haka a ke yi, itatuwan kuwa sun fi dubu. Talakan da ba shi da irin wannan ɗaki ya kan dasa itacensa a jikin katanga ta wajen kudu, domin katangar ta tare iska, ta sha zafin rana, ta riƙa sake shi da dare.

A jihar Fulorida ta Amurka kuma, a ƙarshen Disamba 1894, wani mugun sanyi ya sauka ya lalata 'ya'yan lemu, ya kakkaɓe ganye. Itatuwan ba su mutu ba tukuna. Bayansa aka yi makonni ana ɗumi, itatuwa suka yi sabon toho, ruwa ya cika jikinsu. A farkon Fabrairu 1895 sanyin ya komo, ya same su a wannan hali, ɓawonsu ya tsattsage, gonaki da yawa suka mutu har ƙasa. Manoma da dama suka bar gonakinsu suka ƙaura kudu.

Abu uku za ka riƙe daga labarun nan. Na ɗaya, a tare wa itace iska. Na biyu, kada mugun lokaci ya same shi da ɗanyen toho. Na uku, ƙarami shi ya fi bukatar tsaro, gama babban itace ya kan jimre abin da zai kashe dashe. In kuwa kana da ɗan'uwa da zama ya kai shi Ingila ko arewacin Amurka, yana so ya ga lemu a gidansa, ka gaya masa ya dasa cikin babbar tukunya mai huda a gindi, ya shigar da ita ɗaki kusa da taga tun kafin raɓa ta soma daskarewa, ya kuma rage ba ta ruwa har sanyi ya wuce.

3. Zaɓen wuri

Tun da iskar daga arewa maso gabas ta ke zuwa, sai ka nemi wurin da katanga ko ɗaki ko darni ya tare wannan sashi. Kudancin katanga ya fi ko'ina, gama cikin Disamba da Janairu rana ta kan karkata kudu, dashe ya sami haske, iska kuwa ta wuce ta bisansa.

Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka da dare ta kan gangara ta taru a kwari kamar yadda ruwa ke yi. Wanda ya taɓa sammako zuwa fadamar bakin Kogin Romi ya san ɗarin can ya fi na tudu. Ayaba da gwanda su kan tsaya da girma in dare ya yi sanyi ƙasa da digiri 15, don haka in kana da zaɓi, ka sa su a gangare, kada ka sa su a can ƙasan kwari. Fadamar da ruwa ke kwanciya da marka kuwa ba ta dace da lemu da gwanda ba ko kaɗan, saiwarsu ruɓewa ta ke yi.

Ka tuna ɗan itacen da ke hannunka yau zai zama babba. Tsakanin mangwaro da mangwaro a bar ƙafa 30. Lemu da gwaba a bar ƙafa 20. Ayaba ƙafa 10, gwanda ƙafa 8. Kada ka dasa mangwaro kusa da harsashin gini, ko rijiya, ko ramin masai, ko ƙarƙashin wayar lantarki. Filayen gidaje a Romi sun ƙanƙance tun da gari ya cim mata. In filinka kaɗan ne, mangwaro ɗaya da lemu ɗaya da gwanda biyu ko uku sun ishe ka. Itace biyu da aka rena sun fi goma da aka yar.

4. Zaɓen dashe

Ka nemi ɗan aure, watau wanda aka ɗauko reshen itace mai kyau aka haɗa da gindin wani mai ƙarfi. Mangwaro ɗan aure ya kan soma 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, 'ya'yansa kuma su yi daidai da na uwar da aka yanko reshen. Wanda aka shuka daga ƙwallo ya kan ɗauki shekara 5 zuwa 8. Irin da a ke kira Juli ba ya yin tsawo ƙwarai, ya dace da ƙaramin gida. Fita da Binta siga su ma sanannu ne a kasuwanninmu.

Kafin ka biya, ka duba wurin auren ka ga ya warke sarai. Ka ɗaga ledar ka duba gindinta. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa har an tsinke ta, ko ta nannaɗe kamar gammo, ka bar shi. Dashe mai tsawon ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu ya fi dogo saurin kamawa. In kana shakkar iri, ka tambayi malamin gona na yankinku. Tun 1922 a ke binciken aikin gona a Samaru ta Zariya, cikin 1962 kuma aka haɗa wurin da Jami'ar Ahmadu Bello. Cibiyar binciken kayan lambu da itatuwan marmari ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan cikin 1975, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano.

5. Rami da lokacin dashe

Ka haƙa rami cikin Afrilu ko farkon Mayu, faɗinsa ƙafa 2, zurfinsa ƙafa 2. Ƙasar sama ka tara ta gefe guda, jar ƙasar ciki kuma gefe guda. In ka ci karo da marmara, ka fasa ta da diga har ka wuce, in ta ƙi fasuwa ka sake wuri. Sa'an nan ka cika ramin da ruwa ka tafi. In ka dawo washegari ka tarar ruwan yana nan kwance, wurin ba na lemu ba ne, ba kuwa na gwanda ba.

Ka gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki cike da kwanon sarki biyu, da toka cike da tafin hannu biyu, ka mayar cikin ramin. Lalle takin ya zama wanda ya kwana biyu ya huce. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu ya kan ƙona saiwa, ya kuma jawo gara. Ka bar ramin ruwan sama ya doke shi mako biyu ko uku domin ƙasar ta zauna.

Lokacin dashe shi ne Yuni, sa'ad da ruwa ya zauna sosai. In ka makara, kada ka wuce ƙarshen Yuli. Dalili kuwa, dashe yana bukatar kamar wata huɗu na damina domin saiwarsa ta nutsa kafin ruwa ya ɗauke cikin Oktoba. Wanda ya dasa cikin Satumba ya miƙa wa hunturu jariri.

Ka dasa da yamma, ko ranar da hadari ya rufe rana. Ka yanke ledar da wuƙa ka cire ta duka, kada ƙasar da ke jikin saiwa ta warwatse. Ka sa dashen daidai zurfin da ya ke a cikin leda, wurin auren kuma ya kasance sama da ƙasa da kamar taƙi guda. Ka danna ƙasa da ƙafa a hankali, ka ba shi ruwa garwa ɗaya ko da ana ruwan sama, ka kafa sanda ka ɗaure shi da tsumma sako-sako.

6. Shirin hunturu

Rigakafi ya fi magani. Shirin hunturu tun da sauran damina a ke soma shi.

In za ka ba dashe takin zamani, ka ba shi cike da akwatin ashana biyu ko uku, wata guda bayan dashe, ka barbaɗa kewaye da shi nesa da gindi. Daga ƙarshen Agusta kada ka ƙara. Taki a ƙarshen damina ya kan sa itace ya yi ɗanyen toho mai laushi, hunturu kuwa shi ya ke fara ci. Wannan shi ne darasin manoman Fulorida.

Cikin Oktoba, tun ƙasa tana da laima, ka nome ciyawar da ke kewaye da gindin har taku ɗaya kowane gefe, gama ciyawa tana shanye ruwan da ka ke nufin dashe da shi. Ka ja ƙasa ka yi ɗan kewaye kamar bakin akushi domin ya riƙe ruwa. Sa'an nan ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko harawar da dabbobi suka rage, ko ɓawon gyaɗa, kaurin inci 4. Shimfiɗan nan ita ce bargon ƙasa: tana hana rana da iska shanye laima, tana kuma hana ƙasa yin sanyi ƙwarai da dare. Amma ka bar taƙi guda tsakaninta da jikin itacen, ka barbaɗa toka a wannan fili, ka riƙa ɗaga ciyawar kowane mako kana duba gara. In ka ga gara ta yi gini a jikin itacen, ka goge shi nan da nan, ka ƙara ruwa, gama itacen da ƙishirwa ta raunana shi gara ta fi kamawa.

Da Nuwamba ta kama, ka kafa sanduna ka ɗaura zana ko karan dawa a arewa da gabashin dashen, nesa da shi da taku ɗaya, tsawon ya ɗara dashen kaɗan. Ka bar sama a buɗe, da kudu, domin haske. Kada ka lulluɓe dashe da leda. Da rana zafi ya kan taru a ciki ya dafa ganyen. Sauran ɓangarorin ka kewaye da ƙaya ko ragar waya, gama da an gama girbi a kan saki awaki, ba kuwa abin da akuya ke so da rani kamar koren ganye. Akuya guda ta kan ɓata aikin shekara cikin ɗan lokacin da za ka sha ruwa.

Cikin Fabrairu da Maris, sa'ad da hazo ya ja baya, rana ta kan ƙona ɓawon ƙananan itatuwa ta wajen yamma. Ka dama farar ƙasa da ruwa ka shafa wa kututturen daga ƙasa har inda rassa suka soma.

7. Ban ruwa

A nan ne yawancin mutane su ke kuskure. Su kan yayyafa ɗan ruwa da moɗa kowace safiya, ya jiƙa saman ƙasa kaɗai. Saiwa ta biyo ruwan ta taso sama, ran da aka manta kwana biyu sai ta bushe. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi ruwa kaɗan kullum, domin shi ke nutsawa ƙasa, saiwa ta bi shi.

Dashen shekarar fari ka ba shi garwa ɗaya, watau kamar lita 18, sau biyu a mako daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Cikin Maris da Afrilu, da zafin bazara ya tsananta, ka mai da shi sau uku. A shekara ta biyu ka ba shi garwa biyu sau ɗaya ko sau biyu a mako, a ta uku kuma ka riƙa ragewa. Ƙasa mai rairayi ta fi mai laka saurin bushewa, saboda haka ka tura yatsa ƙarƙashin ciyawar ka ji. In da laima, ka jira gobe. Ka zuba ruwan a hankali cikin kewayen, da safe ko da yamma. Ƙasa mai laima ta fi busasshiya riƙe zafin rana, don haka dashen da ya sha ruwa ya fi jimre ɗarin asuba.

In ruwa yana maka wuya, ga dabara. Ka sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ka binne shi har wuya kamar taƙi biyu daga gindin dashen, ka cika shi da ruwa, ka rufe bakin da sakaina ko dutse saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun daidai inda saiwa ta ke, ba abin da iska za ta samu. Ruwan wanka da na wanke hatsi suna da amfani, kada a zubar da su banza. Amma ruwan wanki mai garin sabulu da yawa, da ruwan da ya sha gishiri ko kanwa, da ruwan rafin da ka ga maiƙo a kansa, kada ka kai su gindin lemu.

8. Kowane itace da halinsa

Mangwaro. In ɗan aure ya yi fure a shekarar fari ko ta biyu, ka tsinke furen, ko da ranka ba ya so, domin ƙarfinsa ya tafi ga saiwa da rassa. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure ka cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi auren. Ga wani abin mamaki kuma: hunturun da ke kashe ɗan mangwaro, shi ke sa babba ya yi 'ya'ya. Sanyin dare da bushewar ƙasa su ke tsai da toho, su sa itacen ya yi huda cikin Disamba da Janairu. Saboda haka itacen da ya isa haihuwa ka daina ba shi ruwa daga Nuwamba, sai 'ya'ya sun ƙulla sun kai girman gujiya ka koma. 'Ya'yan da suka faɗo da tsutsa kada ka bar su a ƙasa. Akwai wani ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya cikin 2003, ya kuma bazu har ƙasashenmu. Ka tattara su ka binne cikin rami mai zurfin ƙafa 2.

Lemu. Babban abokin gabansa ruwa ne mai kwanciya a jikin kututture. Shi ke kawo ciwon da za ka ga ɓawo yana tsagewa yana fitar da ƙaro. Ka yi kewaye biyu, ƙarami kusa da gindi, babba a waje, ka zuba ruwa a tsakaninsu. In ka ga ganye ya naɗe da rana bai kuma warware da safe ba, ƙishirwa ta yi yawa. Lemun tsami ya fi lemun zaƙi saurin haihuwa, amma a ƙasashen sanyi shi ya fi saurin mutuwa.

Gwanda. Ta kan yi 'ya'ya kafin shekara ta zagayo. Akwai mace akwai namiji. Ka bar tsiro uku a rami guda har su yi fure. Namiji furanninsa ƙanana ne da yawa bisa dogon sili, mace kuwa furenta babba ne manne da jiki. Ka bar mace ɗaya a kowane rami, namiji ɗaya ya ishi mata goma. Saiwarta ba ta da zurfi, ba ta jimre ƙishirwa, bayan shekara 3 ko 4 kuma sai a sake sabuwa.

Gwaba da kashu. Su ne masu haƙuri. Gwaba ko ta bushe daga sama ta kan sake toho daga gindi. Kashu yana son jigawa, ba ya son a cire shi a sake masa wuri, gara ka shuka ƙwallonsa inda zai zauna.

Ayaba. Iska ta kan yayyaga ganyenta, ruwa kuma ba ya isarta. Wurinta shi ne lungun gida inda ruwan wanka ke bi. Kada ka bar fiye da uku a gindi guda: uwa, da 'ya, da jika.

9. Ga dagatai da masu unguwanni

Ranku ya daɗe, akwai abin da manomi ɗaya ba zai iya ba sai da hannunku. Na fari shi ne wuta. Daga Disamba yara da mafarauta su kan cinna wa ciyawa wuta domin gafiya da ɓeraye, wutar kuwa ba ta san iyakar gonar kowa ba. Ku yi shela tun cikin Nuwamba, kowa ya share taku uku kewaye da itatuwansa, wanda zai ƙona gonarsa kuma ya sanar da maƙwabta, ya yi da sassafe ko da yamma sa'ad da iska ta kwanta.

Na biyu, dabbobi. Ku daidaita tsakanin masu awaki da masu dashe tun ba a yi ɓarna ba, kowa ya san abin da ke kansa.

Na uku, mallaka. Mutane da yawa a Romi haya su ke zaune, ko aron gona su ke nomawa, suna tsoron su dasa wani ya ci. In mai fili da mai dashe suka zo gabanku, ku sa a rubuta yarjejeniya da shaidu: wa ke da itacen, wa ke da 'ya'yan, me za a yi in zama ya ƙare. Ku da kanku kuma ku dasa a ƙofar gida da filin makaranta da bakin kasuwa, ku sa wanda zai riƙa ban ruwa, gama jama'a sun fi koyi da abin da suka gani.

Kai kuma manomi, kafin ka sayi dashe bana, ka zauna ka lissafta garwa nawa za ka iya ɗebowa a mako cikin Maris, sa'ad da rijiya ta ja baya. Dashe ɗaya garwa uku ya ke sha a lokacin. In garwa shida za ka iya, to, ka sayi biyu, ka haƙa ramukansu cikin Afrilu, ka tanadi zana da ƙaya tun da kaka. In waɗannan sun kama, baɗi ka ƙara biyu.